Ruwan da Ba Wanda Ya Ɗauko

Ƙarar moɗa ce ta fara komai. Ba wata babbar ƙara ba, ɗan ƙwas ɗin nan da moɗar ƙarfe ke yi idan ta taɓa bakin randa. Rana ta take, Misfala, unguwarmu a Makka, ta yi tsit kamar an kwashe mutanenta, kowa ya shige inuwa yana jiran zafi ya karye, ni kuma ina kishingiɗe a bayan labule ina gyangyaɗi. Na ji ƙwas, na san yarinya ce ta ɗebi ruwa. Na kasa kunne in ji maƙogwaronta, don uwa ta san ƙarar shan ruwan ɗanta ko cikin barci take. Ban ji ba. Abin da na ji shi ne ruwa yana komawa cikin randa a hankali, sulululu, irin zubin wanda ba ya son a sani. Na ɗaga gefen labule, sai ga yayarku Walida ta yi ɗage a bakin randa, ta tsoma yatsa ɗaya a moɗar ta shafa a leɓenta, ta mai da murfi, ta koma ta kwanta a jikin kakarta. Lokacin ba ta wuce shekara biyar ba.

Na san labarin da kuka taso kuna ji. An ce ni na ɗauki kakarku, tsohuwar da ta tako tun daga ƙasar Kano da ƙafarta don ta mutu a Makka, na kai ta yawon shan iska a kan dutse, ajali ya same ta a can. Goggonku Asabe, Allah ya jiƙanta, ta riƙe maganar nan har ta koma ga Ubangijinta, ban kuwa taɓa mayar mata ba, don kukan uwarta take yi. To amma bara wata jikata ta tambaye ni a gaban mutane, ba da wata manufa ba, wai da gaske ne kallon ruwa ya kashe Kaka? Sai na ga in na yi shiru na tafi, wannan ce za ta zauna. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ku da kuka buɗe ido kuka ga famfo a jikin bango ba za ku san mene ne ruwa a Makkar wancan zamani ba. Mahaifinku sagga ne a lokacin, wato ɗan ga-ruwa. Tun asuba yake bin layi a bazan, wurin da ake ɗibar ruwan gari, ya cika garwa biyu, ya rataya su a sanda, ya ɗora sandar a kafaɗa, ya yi ta hawa matakalan duwatsu da benayen mutane har la'asar. Namu na gida shi ne na ƙarshe, ga gidan a can saman unguwa. Kafaɗarsa ta yi kanta baƙi ƙirin, in zafi ya tsananta sai kantar ta tsage ta yi ruwa-ruwa. Da yamma mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna, ku kuke ce mata Kaka, takan zaunar da shi ta shafa masa kitse, Walida ce mai riƙe gwangwanin. A gidanmu ruwa ba ya mutuwa sau ɗaya. Na wanke shinkafa akuya ce ke sha, na alwala tukunyar ɗoɗɗoya, na wanka a yayyafa tsakar gida. Kuma akwai wata magana da ake faɗa a gidan kowane sagga, wadda Inna ta fi kowa faɗa. Yaro ya ɗiga ruwa a ƙasa, sai ka ji ta:

“A hankali, kafaɗar ubanki ce!”

Ba wanda ya taɓa tunanin akwai yaron da zai ɗauki maganar nan yadda aka faɗe ta.

Sai kuma ku san matsayina da yarinyar. 'Yar fari ce, kuma sunan Inna aka sa mata, shi ya sa ake ce mata Walida, wato uwa da Larabci. Ko da yake a Makka aka haife ni, na yi karatu wurin faƙiha, malamar allo ta mata, har na wuce makarantar 'yan mata, kunyar ɗan fari da iyayenmu suka zo da ita ba ta bar mu ba. Ba na kiran sunanta, ba na ɗaukarta a gaban manya, in tana kuka sai in kau da kai zuciyata na tafasa. Maƙwabtanmu Larabawa dariya suke mana, mu kuwa a wurinmu tarbiyya ce. Tun da aka yaye ta Inna ta karɓe ta. A shimfiɗarta take kwana, daga hannunta take ci, abin da Kaka ta faɗa shi ne gaskiya, saura duk surutu. Don haka ranar da na ga abin da na gani ban iya tsare yarinyar ba. Inna na gaya wa, ina sunkuyar da kai. Ta kira ta.

“Takwara, zo nan. An ce kin zama raƙumi, kin daina shan ruwa.”

“Ba na jin ƙishi.”

“Ƙarya kike, mummuna. Buɗe bakin in gani. Kai! Wannan harshe ne ko kilishi?”

Yarinya ta riƙa murza gefen zanenta. Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa:

“Kaka, in na sha ya ƙare, sai Baba ya sake hawa.”

Inna ta buɗe baki za ta yi dariya, sai ta fasa.

Babu abin da ba a gwada ba. Mahaifinku ya ɗaga ta sama yana dariya, ya ce shi ƙato ne, garwa biyu ba komai ba ce a wurinsa. Ta kai ɗan yatsanta kan tsagar kafaɗar, ya zabura bai shirya ba, shi ke nan magana ta ƙare. Aka kawo Zamzam aka tofa addu'a, ta kurɓa sau ɗaya don Kaka ta ce ibada ce, sannan ta ce ai shi ma ta ga mutanen da ke jan gugansa, gumi na zuba musu. Aka danne ta aka ɗura mata, ta amayar, ta wuni tana kuka tana kallon abin da ya zube a ƙasa. Hakim, wato likita, ya duba ta ya ce ba cuta a jikinta, a ba ta moya, ruwa ke nan, kawai, kamar mu ba mu sani ba. Tana ɗan kurɓar koko da romo, abin da ya riƙe ta ke nan, amma zafin Makka ba ya wasa da yaro. Leɓenta ya farfashe, idanu suka faɗa, zazzaɓi ya riƙa zuwa yana komawa. Shekarun nan kuwa na fari ne, rabonmu da ruwan sama na kirki tun tana goye. Yarinyar ba ta taɓa ganin ɗigon ruwa ɗaya da ba wani ne ya sha wuya ya kawo shi ba.

Inna ta koma ba ta labari. Takan ce a hanyarsu ta zuwa, tana da ƙuruciyarta, sun kwana kusa da wata matsirga, inda ruwa ke faɗowa daga kan dutse dare da rana, ƙararsa har ba ka jin maganar na kusa da kai.

“Wa yake kai shi sama?” in ji Walida.

“Ba kowa. Allah ne.”

“To wa yake zubowa?”

“Na ce miki ba kowa, ke da kunnen ƙashi.”

“Tatsuniya ce, irin ta Gizo.”

Ranar ce ta farko da ta ƙaryata kakarta, na ga kuma yadda abin ya soki tsohuwar.

Ana cikin haka yayana Sale ya sauko daga Hada, can kan duwatsun da ke kusa da Ɗa'ifa, inda yake aikin lambu a bustan, wato gonar 'ya'yan itacen wani Bamakke. Ya kawo wa maigidansa kwandunan inabi, ya biyo ya gaishe mu. Da ya ga yarinyar sai ya yi salati. Ya ce a ba shi ita da uwarta, can akwai sanyi, kuma ƙarshen zafi hadari kan taso da rana, in aka yi ruwa duwatsu kan yi ta zubo da shi ta ko'ina, abin da mutanen wurin ke kira shallal. Ya ce in ta gani da idonta ƙila ta yarda. Mahaifinku ba shi da halin tafiya, don sagga in ya bar gidajensa kwana kaɗan wani ya gaje su. Ya ce mu je. Walida ta ƙanƙame zanen Inna ta ce ba inda za ta ba Kaka.

A nan ne magana ta yi nauyi, don kowa ya san Inna. Tun ranar da ta shigo Makka ta ɗaure wa kanta ba za ta ƙara fita iyakar Harami ba, kada mutuwa ta same ta a waje. Ban da ranar Arfa ba ta taɓa ƙetarewa ba, ita ma ɗin sai ta wuni tana roƙon Allah ya mai da ita ciki. Likkafaninta na cikin akwati, an wanke shi da Zamzam. A maƙabartar Mu'alla mijinta yake, takan ce ya kama mata wuri. Wallahi ban roƙe ta ba, ban ma iya haɗa ido da ita ba. Aka kwana biyu a haka. A na uku, da hantsi, na shiga ɗakinta na tarar ta buɗe akwati tana naɗe likkafanin cikin ƙullin kayanta. Goggonku Asabe na tsaye a kanta.

“Inna, shekara nawa kika yi a hanya kafin ki ga garin nan? 'Ya'ya nawa kika binne a Sudan? Yanzu ki fita don rigimar yarinya?”

“Ni na ce mata kafaɗar ubanta ce. Bakina ya ɗaure ta, ni zan je in kwance.”

“In kika mutu a can fa?”

“Ai ga shi na ɗauki kayana.”

Na durƙusa na ce, “Inna, don Allah ki zauna, zan iya da ita.”

Ta dube ni sama da ƙasa. “Ke? Ke da ko sunanta ba kya iya faɗa?”

Wannan shi ne iyakar abin da na faɗa a shawarar tafiyar nan. Allah ne shaidata.

A bayan lori muka tafi, kan buhuna. Ba mu yi nisa ba muka iso wurin ginshiƙan nan farare da ke nuna ƙarshen Harami. Inna ta hango su tun daga nesa. Ta rufe ido, ta damƙi wuyan hannuna, leɓenta na motsi. Sai da shaidar yatsunta ta kwana a jikina. Da muka wuce ta buɗe ido ta waiga, ta daɗe tana kallon baya, sannan ta gyara wa Walida mayafi ta ce, “To, takwara, kin fitar da ni. Saura ki sha ruwa.” Muka yi ta hawa, motar na nishi, iska na sauyawa. Daga Ɗa'ifa Yaya Sale ya samo mana jakuna zuwa Hada.

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Ni 'yar Misfala ce, na girma tsakanin baƙaƙen duwatsu masu zafi kamar tanda, koren da na sani shi ne na tukunyar ɗoɗɗoyarmu. A makaranta na karanta sunayen itatuwa, na haddace, na ci jarrabawa. Sai ga ni a tsaye ƙarƙashin rumfar inabi, nonnansa na taɓa mini goshi, ga rumman ya tsage a jikin reshe yana nuna jajayen haƙora, ga ɓaure, ga ƙamshin wani itace mai kama da turare da ke cika hanci. Iska mai sanyi ta shiga rigata har na ji kunya. Da yamma gajimare ya taso daga ƙasanmu, ku ji fa, daga ƙasa, ya ratsa lambun kamar garken tumaki, ya shafe mu ya wuce, ya bar mana danshi a gira. Birai suna zaune a kan katanga suna kallonmu kamar mu ne baƙin halitta. Bakina bai gaji da Subhanallahi ba. Na ce ashe duk wannan yana nan, tafiyar yini daga ɗakina, Allah yana ta yinsa ba tare da na sani ba.

Amma abin da ya kawo mu bai samu ba. Washegari Yaya Sale ya kai mu ga ruwan da ke bin 'yar magudana tsakanin itatuwa, yana sheƙi, yana tafiya shi kaɗai. Walida ta tsaya tana kallo, idonta ya buɗe. Zuciyata ta fara murna. Sai yarinyar nan ta kama bin magudanar tana neman inda ruwan ya fito, mu muna biye, har ta kai mu bakin rijiya, inda wani sa ke ja da igiya yana kaiwa yana komowa, wuyansa duk ya saɓule. Ta juyo ta dubi kakarta.

“Kin gani ko? Nan ma wani ne.”

Inna ta zauna a kan dutse ta ce, “Yarinyar nan alƙali ce.”

Sai muka shiga jiran hadari. Inabi da rumman ne suka riƙe mana ita, don ba ta lissafa su cikin ruwa, har ta ɗan yi kumari. To amma na san ba za mu koma Makka da lambu a ka ba, randa ce ke jiranmu. Kullum bayan la'asar su biyun sukan fita tattaki, tsohuwa da sanda, yarinya riƙe da zanenta, ni ina bin su a baya da nisan da kunya ta yarda. Tafiya ce ta marasa ƙarfi. Ranar farko a gindin ɓaure suka tsaya. Bayan nan suka kai ƙofar lambu, wata rana har wani faffaɗan dutse da ake hango kwari daga kansa. Suna tafe suna faɗa. Inna ta ce Walida na tafiya kamar agwagwa, Walida ta ce Kaka ce ke jan ta baya. A tsaya a duba tururuwa, a tsinki fure a sansana, a gaida matan ƙauye da ke wucewa da itace. Ni kuwa idona na sama. Gajimare ya taru ya yi baƙi, iska ta kwashe shi. Inna takan tsaya a kan dutsen nan ta fuskanci yamma, inda Makka take. Ba ta taɓa cewa mu koma ba, amma na ga tana ƙirga kwanaki da idonta.

Ranar da abin ya zo, bayan azahar ne. Gari ya rufe, aka yi wata tsawa da ta sa Walida ta shige ƙarƙashin mayafin Inna. Sai ruwa, kamar da bakin ƙwarya. Muna ɗaki muna jin sa a kan rufi, yarinyar ta ƙi leƙowa, ta toshe kunnuwa. Yana tsagaitawa Yaya Sale ya faɗo a jiƙe sharkaf.

“Yalla, ku taso! Shallal ba ya jiran kowa, anjima kaɗan ya ɗauke. Inna, ke ki zauna, ƙasa da santsi, ga iska.”

“Na bar Harami don in zauna a ɗaki? Miƙo mini sandata.”

Na yafa mata bargo, ta ture rabinsa kan Walida. Muka bi hanyar da suka saba bi, muka wuce ɓaure, muka wuce faffaɗan dutse, muka gangara wata 'yar siririyar hanya. Ƙasa na ƙamshi, kowane ganye na ɗiga. Kafin mu ga komai muka fara jin sa, wani gurnani mai zurfi da ke shigowa ta tafin ƙafa. Muka sha kwanar wani dutse, sai ga shi.

Daga can ƙolin dutse yake faɗowa, fari fat, kamar an warware bandir ɗin alawayyo daga sama, ya daki wani dutse ya rabu biyu, ya sake haɗewa, ya zuba cikin kwarmi yana tafasa ba wuta. Feshinsa na tashi kamar hayaƙi, rana ta leƙo ta bayan hadari ta zana bakan gizo a cikinsa, kusa da mu har kamar ka miƙa hannu. Ba shi kaɗai ba ne. Duk inda na juya a jikin duwatsun nan farin zare ne ke saukowa, wani siriri, wani kauri, dutsen da na sani bebe ya kama magana ta ko'ina. Ni da na yi rayuwata ina auna ruwa da moɗa, na tsaya ina kallon abin da zai cika randunan Misfala duka yana zuba cikin ƙiftawar ido, ba mai tarewa, ba mai tsawa, Mai shi bai ce a hankali ba. Na ji ƙanƙantata, na ji kuma ban taɓa sanin ma'anar sunan Allah Mai yalwa ba sai ranar. Inna tana kabbara, hawaye na bin tsagar fuskarta.

Walida ta saki zanen Inna. Ta ɗaga kai tana bin ruwan da ido har sama. Sannan ta ja rigar kawunta, sai da ta ɗaga murya don ƙara:

“Kawu, ina masu zubowa? A bayan dutsen suka ɓuya?”

Ya saɓa ta a wuya ya bi ta gefe ya hau da ita, muna kallonsu suna ƙanƙancewa har suka ɓace. Muka jira, feshi na jiƙa mu. Na ce Inna ta matsa baya, ta ce in ta matsa yarinyar za ta sauko ba ta gan ta ba. Da suka dawo ya sauke ta, ta tako a hankali har gaban kakarta.

“Kaka, ba kowa. Na duba ko'ina. Dutse ne kawai da sama.”

“Da na gaya miki ai cewa kika yi Gizo ne.”

“To ina za shi?”

Yaya Sale ya nuna mata kwarin da ke can ƙasa, ya ce can zai gangara ya nutse cikin yashi, daga nan ya bi magudanar da mutanen da suka gina a ƙarƙashin ƙasa, ya yi ta tafiya har Makka, har bazan ɗin da babanta ke ɗiba. Inna ta juyo da sauri.

“Sale, tsakaninka da Allah? Wannan ɗin ne muke sha?”

“Shi ne, Inna. Zai ma riga ku isa.”

Ta daɗe tana kallon kwarin. Sannan ta ba ni sandarta, ta durƙusa da ƙyar a bakin kwarmin, ta haɗa tafukanta ta kamfato. Rabinsa na zuba ta tsakanin yatsunta, ba ta ce a hankali ba. Ta miƙa. Yarinyar ta dubi ruwan, ta dubi dutsen, ta sunkuya ta kafa baki. Na ji maƙogwaronta. Duk ƙarar shallal ɗin nan ba ta hana ni jin sa ba. Ta shanye ta ce a ƙara, aka ƙara, aka ƙara. Ban san lokacin da na durƙusa na rungume ta ba, ina kuka ina kiran sunanta na yanka, Safiya, Safiya, sunan surukata, a gaban surukata. Inna ta share fuska da gefen bargo ta ce:

“Ka ji mara kunya. To na amsa, mu biyu duka.”

Sanyin ranar ne ya shiga ƙirjinta. Ta fara da tari, ya koma zazzaɓi, numfashi ya riƙa yi mata wuya. Muka so mu sauko da ita, mutanen ƙauye suka ce ba za ta kai Ɗa'ifa a kan jaki ba. Aka aika wa mahaifinku. Wata safiya ina ba ta kunu, Walida na waje tana wasa da ruwan magudana, na kasa daurewa na ce ta yafe mini. Ta ce:

“Me kika yi? Da ƙafata na fito. Ba zan yi miki ƙarya ba, ina son Mu'alla, har yanzu ina so. Mutumin nan ya kama mini wuri, zai ga ban zo ba.” Ta huta, ta saurari dariyar yarinyar daga waje. “Amma ji can. In aka ce in sake, sai in sake. Ku sa ni inda ruwa ke bi, tunda kun ce Makka za shi.”

Kafin la'asar Inna ta cika, da kalmar shahada a bakinta. Matan ƙauyen suka taya ni wanke ta, muka sa ta a likkafanin da ta zo da shi, aka binne ta a maƙabartarsu da ke kan gangare, tana fuskantar kwarin. Mahaifinku ya hawo ta hanyar dutse da ƙafa don ya yanke nisa, ya iso washegari, ƙafafunsa duk jini. Ya tsaya a kan kabarin har rana ta yi tsaka. Bai taɓa ce mini ke ce ba, ko sau ɗaya, har ya bar duniya. Amma bai ƙara hawa Hada ba, kuma kun sani ba ya cin inabi, kuna tsammani ba ya so ne. Goggonku Asabe ta yi shekaru ba ta taka gidanmu ba. Ni kaina har yau in na bi ta Mu'alla sai in sunkuyar da kai. Wannan shi ne abin da tafiyar ta ci, ban rage muku komai ba.

Muka ɗaura harami a hanya muka shigo Makka da Umra, mu uku, da sandar Inna. Gida ya yi mana faɗi. Tsorona ɗaya ne: a can ruwan ba na kowa ba ne, a nan kuwa ga randa, ga kafaɗa, ga wadda yarinyar ke jin maganarta ba ta. Washegari mahaifinku ya koma bazan, ya hawo da garwa biyu ya juye mana, Walida na tsaye tana kallon kantar kafaɗarsa. Rana ta take, unguwa ta yi tsit, na kwanta a bayan labule idona biyu. Can na ji ƙwas. Na kasa kunne. Sai na ji maƙogwaro, ƙwat, ƙwat, ƙwat, har ƙarshen moɗa. Na ɗaga labule. Ta gan ni, ba ta ɓoye ba. Ta tako da moɗar a hannu, ruwa na bin haɓarta, ta miƙo mini, abin da ba ta taɓa yi ba.

“Umma, ɗebo mini na ƙasa, hannuna bai kai ba. Daga wurin Kaka ya taho, Baba rako shi kawai ya yi.”